Yadda nake fitar da gidana daga hutun ɗari ba tare da bashi ba

Ni malamar lakwal ce a nan Damagaram, gidanmu yana unguwar Garin Malam. Duk shekara idan aka sallami yara hutun ƙarshen Disamba, bakin da nake ciyarwa yakan tashi daga bakwai ya koma goma sha ɗaya, wani lokaci sha biyu, don 'ya'yan yayana na Matamaye ba sa yin hutu ko'ina sai wurina. Hutun kusan mako biyu ne kawai, amma a da, kafin a koma aji sai in tsinci kaina a gaban mai shago ina cewa ya rubuta. Wata shekara na ɗauki tsohon kaye na riƙa rubuta duk dalar da ta fita daga hannuna. Da na lissafa sai na ga naman da nake ta zargi bai ci komai ba. Itace da ruwa da anko su ne suka cinye mu. Abin da zan faɗa miki a nan, 'yar'uwa, daga wancan kayen ya fito.

Ki fara tun kafin 18 ga Disamba, ranar Jamhuriyar Nijar. Da sanyin safiya ake kama fara. Da zarar an wuce wannan rana gari ya ɗauki haramar hutu, baƙi sun fara sauka a tasha, masu biki sun shiga kasuwa, komai sai ya ɗan ƙara. Ni a makon farko na wata nake cika kwalbar gaz, in sayi hatsi, in zazzage buhun kayan sanyi in ga wanda ya yi wa wane kaɗan. Rigar sanyin babba takan gangaro wa mai bi masa har ta isa ga auta. Abin da ya rage babu makawa sai an saya, gwanjon Kasuwar Dole ya ishe ni, a wanke da ruwan zafi a shanya a rana.

Maganar wuta ita ce babba, a nan zan daɗe. Da sanyi kowa yana son abu mai zafi. Kunu da safe, ruwan wanka, ruwan alwalar surukata Inna, shayin maigida, tuwon dare. Idan kika bar kowa ya hura tasa, murhu ba zai mutu ba daga asuba har isha'i. Dokar gidana ita ce wuta sau biyu a rana, safe da yamma, kuma duk lokacin da aka hura, sai an jera mata aiki tun kafin a kunna ashana. Da safe a dama kunun tsamiya, yana sauka tukunyar wake ta hau, tana sauka ruwa ya hau kan sauran garwashin a ɗura a filas don alwalar Inna. Garwashi ba ya mutuwa a banza.

Murhun duwatsu uku a tsakar gida, iskar hunturu tana kaɗawa, yawancin zafinsa sama yake tafiya, tukunya kaɗan take samu. Ki sayi murhun ƙarfe irin wanda ake kira Mai Sauƙi wurin maƙera, daidai girman tukunyarki, don idan ya yi mata yawa wutar ta gefe za ta zurare. In babu kuɗinsa, ki gina na laka da kashin jaki da yayi, ki juya bakinsa yamma, tunda iskar daga gabas da arewa take zuwa. Ki riƙa rufe tukunya. Ƙaramar magana ce, amma yarinyar gidana sai da na yi wata guda ina maimaita mata. Gaz kuwa, tun da matatar mai da ke arewacin gari ta fara aiki a 2011 ya shiga gidajenmu sosai. Ni na ware shi ga abin da ke dahuwa da sauri, miya da shayi da ɗumame. Tuwon mutum goma sha biyu a kan kwalbar kilo 6, kwana kaɗan za ki ji ta yi sakayau.

Sai kwandon dahuwa, wanda maƙwabtana suka yi ta yi mini dariya a kansa kafin su fara aron dabarar. Ki samu babban kwando ko kwali mai ƙarfi, ki shimfiɗa tsummokara da tsofaffin zannuwa a ƙasa da gefe, kaurin kamar tafin hannu. Ki jiƙa wake tun dare. Da safe ki ɗora shi da 'yar kanwa ya tafasa sosai kamar minti goma sha biyar, sai ki sauke tukunyar da murfinta, kada ki buɗe, ki cusa ta cikin kwandon ki danne da tsohon matashi. Bayan awa uku zuwa huɗu waken ya yi laushi kuma da zafinsa. Shinkafa tafasar minti biyar ta ishe ta, cikin awa ɗaya ta nuna. Zafin da tukunyar ta riga ta ɗauka ne ke ƙarasa aikin, tsumma kawai yana hana shi fita. Abu ɗaya, kada ki bar abinci a ciki har ya huce ya kwana. In ya huce, a mayar da shi kan wuta ya sake tafasa kafin a ci. Ranar da surukata ta fara gani cewa ta yi, “Ke 'yar nan, tsumma ne zai dafa mini wake?” Na ce, “Inna, ki dai ɗanɗana.” Yanzu ita ke tuna mini in na manta.

Dalilin da ya sa nake ƙyashin itace ba kuɗi kaɗai ba ne. Duk wanda ya bi hanyar Matamaye ko Magariya a wannan lokaci zai ga gawo ya yi kore shar a cikin gonaki alhali komai ya bushe, don shi da rani yake fitar da ganye, da damina ya zubar. Manoman can ne suka riƙa barin tohonsa suna sassabe masa har ƙasar ta sake cika da itatuwa. Yayana yana cikinsu, kuma na san yadda ransa ke ɓaci in ya wayi gari ya ga an sare masa ɗaya an kawo birni.

Akwai abin da ba na wasa da shi. Kasko da gawayi ba ya kwana a ɗaki. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, a rufaffen ɗaki mutum yakan yi barci ya zarce. A ji ɗumi a rumfa ko a zaure inda iska ke shiga, in za a kwanta a fitar da shi waje a yayyafa masa ruwa. Ga kuma gobara, wadda kowa ya san lokacinta ke nan, ciyawa a bushe, iska tana kaɗawa. Yara sukan kwana biyu biyu a bargo ɗaya, na rataya tsohuwar tabarma a bayan taga, kuma ɗakin ya ɗumama da numfashinsu.

Ruwa kuwa, ɗan Damagaram ba ya bukatar a yi masa wa'azi. Garinmu a kan dutse yake zaune, ruwan da muke sha daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram. Har cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926 akwai ƙarancin ruwa. Da sanyi abin yana da sauƙi a kan bazara, amma ƙarin yara biyar ƙarin bido ne daga mai ga-ruwa. Ina da bido biyu da na shafa wa baƙin fenti. Da hantsi a cika su a ajiye inda rana ke bugawa, a jikin bangon da ke kare iska. Zuwa azahar ruwan ya kashe sanyi, sai yara su yi wanka a lokacin, da bokiti rabi rabi. Wankan asuba na manya ne masu fita aiki. Ranar da hazo ya rufe rana dabarar ba ta ci, sai in ƙara buta ɗaya ta ruwan zafi daga wutar safe.

Ruwan da aka wanke shinkafa da ganye da shi, da na alwala, gindin zogale yake tafiya. Ina da guda huɗu a bayan ɗaki, su ke ba ni dambu da kwaɗo. Ruwan wanki mai sabulu kuma a yayyafa a tsakar gida kafin shara, ya kwantar da ƙura.

Abinci ba shi da wahala a wannan lokaci, in dai za ki ci abin da ƙasa ta kawo. An gama kaka, gero da wake suna da sauƙi, ki sayi tiyoyinki tun yanzu kafin rani ya yi nisa. Lambunan Mirya da Gidimuni sun fara zubo shu, wato kabeji, da salati da karoti da tumatir, rake yana shigowa daga wajen Matamaye da Kance. Rake ɗaya a yanka gaɓa gaɓa ya rufe bakin yara goma, ya fi biskit ɗin leda araha nesa ba kusa ba. 'Ya'yan magarya ma sun nuna. Ranar Alhamis nake cefanen mako, da kwandona da buhuna, ba na karɓar baƙar leda. An yi dokar hana ta tun 2014, amma ki dubi itatuwan bakin hanya ki ga yadda iska ta rataye ta. Ni akuya ta taɓa mutuwa a hannuna, da aka feɗe ta leda ce cunkus a tumbinta. Idan tumatir ya faɗi ƙasa warwas, wanda yakan kai Janairu ko Fabrairu, ki yanka ki shanya kauɗa, ki lulluɓe da tsohon gidan sauro saboda ƙura. Busasshiyar iskar da ke fasa mana leɓe ita ce ke busar da shi cikin 'yan kwanaki. Tuwon dare kuma da gangan nake ƙara shi, don ɗumamen safe da miyar kuka da yaji ya fi burodi riƙe cikin yaro.

Jikin yara: a wanke ƙafa da dare, a goge kaushi, a shafa man kaɗe tun ƙafar tana da danshi, a sa safa. Hula ga ƙanana da safe. Amma yaro ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe, a tafi likita a take. Lokacin ƙura lokacin sanƙarau ne, kuma yankinmu ya san shi.

To, anko. Nan ne na fi shan surutu. Bayan kaka kuma ga hutu, aure ko'ina, mako ɗaya sai katin biki uku ya shigo. Na yanke wa kaina anko ɗaya a hutu, na wanda ya fi kusa a jini. Sauran in je da atamfata ta da, wankakkiya a goge, in kama aiki, in ba da gudummawa daidai ƙarfina. Nakan ware jikka goma tun farkon wata in sa a ambulan, in ta ƙare ta ƙare. Wata ƙawata ta ce mini, “Madam, ke da albashi za ki shigo ba anko?” Na ce, “Hajiya, zumunta a ƙafa take, ga ni na zo.” Ta yi fushin kwana biyu, ranar sunan jikarta ni na tuƙa mata tuwo. Tsarabar baƙi ma a gida nake yi. Alkaki aiki ne, kuma ba kowa ya kai matan Birni, tsohuwar unguwar garinmu, iyawa ba, saboda haka nakan tsaya ga dakuwa da gyaɗa mai sukari. Maƙwabtanmu Kirista sukan aiko mana da abincin Kirsimeti ranar 25, kwanon ba ya komawa haka, da dakuwa yake komawa.

Yara goma a gida babu abin yi, kowane minti sai an ce a ba su dala biyar ko a ba su salula. Saboda haka kowa da aikinsa da safe. Mazan su share wa awaki su ba su ruwa, matan su tsince wake su kula da shanya, manyan su koya wa ƙanana karatu rabin awa. Da hantsi ina ajiye musu karan dawa da 'yayan Matamaye ke kawowa, su ƙera motoci da gilashin ido. Yini ɗaya maigida yakan tafi da su a ƙafa cikin Birni su ga ƙofar fadar Sarkin Damagaram da gidajen da aka yi wa zane a bango, su hau duwatsu, su dawo da yunwa da gajiya, ko dala ba a kashe ba sai ta rake. Shekarun da kokawar takobi, wato gasar kokawa ta ƙasa, ta faɗo cikin hutu kuwa ba ni da sauran aiki. Rediyo a rumfa, ana kiran 'yan kokawar Damagaram gida ya kaure da ihu, bayan la'asar su fita kan rairayi kowa ya ce shi ne Langa-Langa, tsohon gwanin kokawar Damagaram. Da dare Inna ta ce “Ga ta nan, ga ta nanku,” su amsa “Ta zo mu ji ta,” kafin Gizo ya gama ha'incinsa rabinsu sun yi barci.

Kwana biyu kafin a koma lakwal nake tara su a duba kaye da bik da allo. Kayen da ya rage da fararen shafuka a yage su a ɗinke da zare, ya zama na lissafi. Takalmin da ya tsinke a kai wa mai gyara a bakin kasuwa. 'Yan Matamaye in ɗaure musu kauɗa da dakuwa a tsohon zane, in ba babbansu kuɗin mota a hannu, in ce ya gaida babansa, ya kuma faɗa masa zanen nawa ne, a dawo mini da shi cike da kara.