Yadda za ka narkar da soda kostik ba tare da ka ƙone ba

Jama'a soda kostik ɗin nan da ake haɗa sabulu da ita, wato sodiyam haidiroksaid, wallahi ba abin wasa ba ce. Daga ruwan gishiri ake samo ta da wutar lantarki, kamfanonin takarda da masaƙu duk da ita suke aiki.

Ka fara sa safar hannu ta roba da gilashin kare ido, ka tsaya inda iska ke kaɗawa. Ruwa mai sanyi za ka zuba a roba mai kauri tukuna, sannan ka riƙa barbaɗa sodar kaɗan-kaɗan kana juyawa, kar ka kuskura ka zuba ruwa a kan sodar don nan take zai tafasa ya fantsamo maka a fuska. Za ka ji robar ta ɗau zafi har tururi na tashi, haka take, ka dai kau da kai. Tukunyar alminiyam kam a'a, cinye ta take yi, ga iskar haidirojin mai kama wuta da ke fita.

In ta taɓa fata za ka ji wajen na santsi kamar sabulu, ai fatar ce ta fara narkewa, maza a sakar mata ruwa minti 15 zuwa 20. Ido ma haka, daga nan sai asibiti. Wanda ya sha kuma kar a sa shi amai, za ta sake ƙona maƙogwaro wajen fitowa. Ragowar a rufe ta ruf don tana jan danshi, a ajiye nesa da yara, abin da ya fi damuna kenan don ruwanta garau yake kamar na sha.