Yadda za ka saka kayan haɗa abin sha na gida cikin inshora ba tare da kuɗin ya yi tashin gwauron zabi ba

Mai haɗa abin sha a gida da bokiti ɗaya da tukunya yake farawa, bayan shekara biyu ka leƙa garejinsa sai ka ga manyan tukwanen ƙarfe guda uku, murhun gas, silindar gas, wata silindar ta iskar CO2 mai sa abin sha kumfa, 'yan gangunan ƙarfe, famfo mai aiki da lantarki, ga firij na biyu da aka ware wa harkar ita kaɗai, kwalabe kuwa ba a magana. Da yake kaɗan-kaɗan aka saye su, shi kansa mai kayan bai san nawa ya narkar ba, sai ranar da wuta ta tashi ko ɓarawo ya ɓalle ƙofar garejin sannan zai ɗauki biro ya fara lissafi, ihu bayan hari kenan. A Turai da Amurka galibi giya ake dafawa da irin kayan nan, wasu kuma abin sha irin su kombucha, wato shayin da aka bari ya tsima, suke yi, amma bayanin da zan yi ya shafi duk wanda ya tara kayan wani aikin sha'awa a gida, musamman in akwai wuta ko gas a ciki.

Abu na farko, ka san wace inshora ce ma kake da ita. Iri biyu ne ake haɗawa a kira su inshorar gida. Akwai ta gini, wato bango, rufi, bututun ruwa da duk abin da ke manne da gidan. Akwai kuma ta kayan ciki, wato duk abin da za ka loda a mota ranar da za ka tashi. Tukwanenka da gangunanka suna cikin ta biyun. In haya kake yi to kar ka yaudari kanka da cewa ai mai gida ya yi inshora, tasa ta gininsa ce, ko cokalinka ba ta sani ba, kai ne za ka yi wa kayanka taka.

Daga nan sai lissafin kaya, kuma gaskiya nan ne mutane ke ƙyuiya. Ka ware yini guda ka ɗauki waya ka yi bidiyo kana zagaya ɗakin, kana buɗe kowace durowa, kana faɗin sunan kowane abu da bakinka. Wanda ke da lamba a jiki, kamar firij da famfo da na'urar auna zafi, ka matso da kyamara ka ɗauki lambar yadda za ta karantu. Rasit ɗin da ka samu ka ɗauki hotonsa tun yanzu, don irin takardar nan mai sulɓi da injin shago ke fitarwa rubutunta gogewa yake yi, bayan wani lokaci sai ka tarar da farar takarda tas. Wanda ka saya ta intanet ka binciko saƙon imel ɗin. Wanda kuma ka haɗa da hannunka, misali ka huda tukunya ka saka mata famfo ko ka mayar da tsohuwar firiza wurin sanyaya ganguna, ka rubuta kuɗin kowane sashe daban, don jami'in da za a turo ya tantance asara ba zai gane darajarsa ba, shi dai tsohuwar firiza ya gani. Sannan duk wannan ka ajiye shi a wajen gidan, ka tura wa kanka ta imel ko ka ɗora a intanet. Fayil ɗin da ke cikin durowar garejin tare da kayan zai ƙone.

Kuma farashin da za ka rubuta na yau ne, nawa za ka kashe in yau aka ce ka sake sayen komai sabo, ba abin da ka biya shekara biyar da suka wuce ba. Ga dalili. Wasu takardun inshora suna da sharaɗin cewa in ka faɗi ƙasa da ainihin darajar kayanka, za a rage maka diyya daidai da yadda ka rage. A ce duka kayan gidanka sun kai 20,000 amma ka ce 10,000 don kuɗin shekara ya yi sauƙi, sai wuta ta ci na 4,000 kawai. Kai a ranka ai 4,000 bai kai 10,000 ba, za a biya duka. Ina! Za su ce rabi ka yi wa inshora, don haka rabi za a ba ka, 2,000, sannan a cire kason da aka yi yarjejeniya kai za ka fara ɗauka. Ba kowane kamfani ke yin haka ba, amma ka nemi wannan sharaɗin a takardarka ka gani da idonka.

Wani abin dubawa shi ne sabo za su maye maka ko kuwa kuɗin tsoho za su biya. Akwai inshorar da in firij ɗinka ta lalace za a ba ka kuɗin sabuwa irinta, akwai wadda za a ce ai ta shekara takwas, a zaftare kuɗin tsufa a miƙo maka ɗan abin da ya rage. Ta farkon ta ɗan fi tsada, ni dai ita nake zaɓa, don tukunyar ƙarfe mai kyau ba ta wani tsufa a aiki, amma a takardar lissafinsu tsufa take yi kowace shekara.

To yanzu ga inda ake kama mutane. Yawancin takardu suna da iyaka a kan abu guda, in abu ɗaya ya wuce wani adadi dole sai ka ambace shi da sunansa tun farko, in ba haka ba iyakar za a biya ka. In kana da irin injin nan na lantarki da ke yin komai a tukunya ɗaya, duba ko ya haura iyakar. Ka kuma tambaya ko tukwane uku da famfo da bututu da aka jona wuri ɗaya abu guda suke ɗaukarsu ko abubuwa da yawa. Sai iyaka ta biyu, ta kayan da ke gareji ko rumfar bayan gida da ba ta haɗe da ainihin gidan. Wannan ni ta kusa cinye ni. Na kira wani kamfani na ce ina da kaya kaza da kaza, wadda ta ɗauki wayar ta ce ba komai, duk suna cikin kayan gida, na ji daɗi na kashe waya. Bayan wata biyu ina neman wani abu daban a cikin takardar, can shafin tsakiya da ƙananan haruffa, na ga an rubuta cewa satar da aka yi a ɗakin da ke wajen gida akwai iyakarta, kuma iyakar ko kashi ɗaya cikin uku na kayana ba ta kai ba, sannan wai sai in ƙofar tana kulle an ga alamar ɓallewa. Ba ƙarya ta yi min ba fa, ni ne ban ce mata a gareji suke ba, ita kuma ba ta tambaya ba. Tun daga ranar duk tambayar da zan yi a rubuce nake yinta, amsar ma a rubuce nake karɓa.

Amma fa in ka lura, kuɗin tukwane ba shi ne damuwar kamfani ba. Ƙara darajar kayan nan a kan kayan gida galibi ba ya ɗaga kuɗin shekara sosai. Abin da ke hana su barci guda biyu ne, wuta da ciniki. Murhun gas mai ƙarfi da ke tafasa lita ashirin ko talatin na tsawon awa guda, in a cikin rufaffen gareji ne kusa da gwangwanayen fenti, gidan gaba ɗaya yake iya tafiya da shi, ban da iskar nan mai guba da ba ta da wari da ke taruwa in babu iska mai shiga da fita. Dama asalin inshorar gida tsoron wuta ne ya haife ta, bayan gobarar Landan ta 1666 ne aka fara kafa kamfanonin inshorar gobara a birnin, har yau kuma in ka ce gas sai sun gyara zama. Don haka ka faɗa musu kana amfani da gas, a ina kake kunna shi, silinda nawa kake ajiyewa. Ka dafa a waje ko inda iska ke kaɗawa, ka sayi abin kashe gobara da na'urar da ke ƙara in ta ji hayaƙi, silindar CO2 kuma ka ɗaure ta a tsaye kar ta faɗi. In ka sa an ja maka wayar lantarki ta musamman saboda injin, ƙwararre mai lasisi ya yi, ka ajiye takardarsa, don in wuta ta tashi daga nan ita za a fara tambaya.

Ciniki kuwa shi ne babban tarko. Inshorar gida ta zaman gida ce, da zarar ka fara sayarwa, ko da kwalba goma ce, kamfani zai iya cewa wannan sana'a ce, kayan sana'a kuma ba sa ciki ko suna da ƙaramar iyaka. A Amurka irin takardar da aka fi yi wa gidaje, HO-3, iyakar kayan sana'a da ke cikin gida a tsarin shekarar 2011 dala 2,500 ce. Ga kuma doka. A Ingila tun 1963 aka daina neman lasisi don dafa giya a gida, a Amurka shugaban ƙasa Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta shi a 1978, galan 100 a shekara in baligi ɗaya ne a gidan, 200 in sun kai biyu ko fiye, amma duka biyun na amfanin gida ne, sayarwa sai da lasisi. Tace barasa mai ƙarfi ta hanyar tururi kuma wata doka ce daban, ba a yinta a ƙasashen nan biyu ba tare da izini ba. Akwai kuma ƙasashen da harkar giya gaba ɗayanta haramun ce a doka. Duk inda kake, abin da doka ta hana kar ka sa ran wani kamfani zai biya ka asararsa.

Na san wani zai ce to in yi shiru mana, wa zai sani? Jami'in da zai zo bayan gobara zai sani, ga silinda nan a cikin toka. A Birtaniya dokar 2012 kan bayanin da mai sayen inshora ke bayarwa ta ce ka kula kar ka ba da amsar da ba daidai ba, in kuskure ne na sakaci ana iya rage diyyar, in kuwa da gangan ka yi kamfani zai iya soke yarjejeniyar baki ɗaya ya riƙe kuɗin da ka biya. Ka ga kenan shekaru kana biya a banza.

Kar ka manta da ɓangaren da ke biyan diyya in kayanka suka cutar da wani. Kwalbar da aka cika wa sukari kafin a toshe takan fashe da kanta, gilashi ya watsu, in baƙo na kusa fa? Ko ruwan tukunya ya malale ya ɓula silin ɗin maƙwabcin da ke ƙasanka. Yawancin inshorar gida tana ɗauke da wannan, ka dai tabbatar taka tana da shi. Abin da kusan ba a biya shi ne lalacewar da ta zo a hankali, bututu yana ɗiga wata da watanni har katako ya ruɓe, tsatsa, ko firij da ta mutu don tsufa. Kai da kanka ka saki babbar kwalba ta tarwatse kuwa, wannan sai in ka sayi ƙarin kariya ta ɓarnar tsautsayi.

Batun rage kuɗi, abin da ya fi tasiri a kan farashi ba a hannunka yake ba, inda gidan yake, ko ana ambaliya ko sata a yankin, da me aka gina shi, nawa za a kashe a sake gina shi. Ka lura kuɗin sake gini ake so ba kuɗin sayar da gida ba, fili ai ba ya ƙonewa, masu saka farashin kasuwa sau da yawa biyan banza suke yi. Wanda ke hannunka shi ne ka ɗaga kason da za ka fara ɗauka in kana da ɗan abin da ka ajiye, ka sa makulli mai kyau, ka biya na shekara gaba ɗaya don biyan wata-wata sau da yawa da ruwa a kansa, sannan duk shekara ka tambayi kamfani uku ko huɗu kafin ka sabunta. Tsohon kwastoma ba ya nufin za a yi maka sauƙi, a Birtaniya sai da hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi ta hana cajin tsofaffin kwastomomi fiye da sababbi daga Janairun 2022, ka ga ashe ana yi. Wanda kuma inshorar da aka saba ba ta kwanta masa ba saboda addini, ya nemi kamfanin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, suna yi wa gida da kayan ciki, sai dai ba za su karɓi kayan giya ba.

Ƙaramar asara kar ka kai musu. In kasonka 250 ne tukunyar da aka sace kuma ta 300 ce, 50 za ka karɓa, sannan a rubuta a tarihinka cewa ka taɓa neman diyya, shekara mai zuwa ka ga kuɗi ya hau. In kuwa babba ce ta faru, sata ce ka kai rahoto wurin 'yan sanda ka karɓi lambar rahoton, ka sanar da kamfani da wuri don akwai wa'adi, ka ɗauki hoto kafin ka share ko ka ɗaga komai, kuma ƙonanniyar tukunyar nan da narkakken famfon kar ka zubar da su sai jami'insu ya zo ya gani ya ce maka an gama da su.