Yadda ake amfani da "scum" a Turanci

Asalin "scum" dauɗa ce da ke tasowa saman ruwa: kumfar nan mai toka-toka da ake kwashewa da ludayi idan nama ya fara tafasa, ko gansakukar da ke rufe ruwan tsoffin ramukan kuza a Jos. Ba ta da jam'i, kada ka ƙara mata "s". Nan ɗalibai kan yi tuntuɓe.

In aka jefi mutum da ita kuwa, zagi ne mai nauyi. "Scum of the earth" ta fi zafi, irin masu cin dukiyar marayu ake faɗa wa. Ko da wasa kada ka furta ta a ofis. Kula da wasali kuma, "scam" damfara ce.