Yadda Ake Haɗa Tawaga Domin Tseren Kasada

Tseren kasada gasa ce ta kwanaki a daji da tsaunuka da koguna, inda tawaga ke haɗa tafiyar ƙasa da tuƙa keke da kwale-kwale, wani lokaci har da hawan dutse da igiya, kuma agogo ba ya tsayawa dare ko rana. Gasar Raid Gauloises, wadda Bafaranshe Gérard Fusil ya fara a ƙasar New Zealand a 1989, ita ce ta shimfiɗa tsarin, sannan Eco-Challenge da aka fara a jihar Utah ta Amurka a 1995 ta sa duniya ta san wasan ta talabijin. A manyan gasanni mutum huɗu ne tawaga, maza da mata a haɗe, ba a yarda su rabu da juna a hanya ba, kuma idan ɗaya ya janye, sauran ukun sun rasa matsayinsu.

Saboda wannan doka, wajen zaɓen abokan tafiya ka fara duba hali kafin ƙarfi. Ku fita atisaye na dare guda cur, da kaya a baya da abinci kaɗan, domin a nan ne za ka ga wanda yunwa ke sa shi faɗa, da wanda ke yin shiru ya ɓoye ciwo. A ganina na biyun ya fi haɗari, domin mai faɗa an san halin da yake ciki, shi kuwa mai ɓoyewa sai ya faɗi ake ganewa, a lokacin da taimako ba ya da sauran amfani. Ku yi alkawari tun a gida cewa duk wanda ya gaji zai faɗa, zai miƙa jakarsa ga mai sauran ƙarfi, zai kuma yarda a ja shi da igiyar roba a kan keke ko a ƙasa. Ƙwararrun tawagogi haka suke yi ba kunya, don sun san girman kai rawanin tsiya ne, kuma wanda ya ja wani yau, watakila shi za a ja gobe.

A ba mutum ɗaya taswira da kamfas, tun da an hana amfani da GPS, na'urar da ke nuna wa mutum inda yake, a kuma naɗa masa mataimaki. Idan mai taswirar ya ɓatar da ku, zargi ba zai mayar da ku hanya ba. Ku koma wurin ƙarshe da kuka tabbatar da shi a taswira.

Barci ma sai an tsara shi. Tawagogi da dama awa ɗaya ko biyu suke runtsawa a dare, kuma bayan kwana biyu ko uku mutum yakan fara gane-gane, ya ga abin da babu shi. Ku yanke lokacin kwanciya tun hankali na jiki.

Ku kula da ƙafa, ku sauya safa, ku busar da ƙafar duk inda kuka yada zango, ku kuma rufe bororo tun yana ƙarami. Kada a sha ruwan kogi ba a tace ba, a kuma rufe duk wani rauni kafin shiga ruwa, domin a Eco-Challenge ta 2000 a Sabah ta ƙasar Malesiya, 'yan tsere da yawa sun kamu da cutar leptospirosis, wadda ake ɗauka daga ruwan da fitsarin dabbobi ya gurɓata, bayan sun shiga koguna.