Darasi: Salula da cututtukan dabbobi masu kama mutane

A watan Agusta na shekarar 2016 wani zazzaɓi ya ɓulla a gundumar Cintabaradan, cikin jihar Tahoua ta Jamhuriyar Nijar, inda dabbobi suka riƙa ɓari suna mutuwa, daga baya mutane suka kamu, fiye da 30 suka rasu, akasarinsu makiyaya. Ana kiran cutar zazzaɓin Rift Valley. Sauro ne ke yaɗa ta tsakanin dabbobi, mutum kuwa yakan ɗauke ta idan ya taɓa jini ko ɗan da aka ɓarar, ko ya sha ɗanyar madara. Abin lura shi ne alamar takan fara bayyana a garke kafin ta iso jikin mai garken, kuma cikin waɗannan kwanaki ne salula take da babban amfani.

Idan tumaki uku ko huɗu suka yi ɓari cikin mako guda, kada a jira ranar kasuwa, a kira ma'aikacin kiwo nan take. Mai kira ya faɗi sunansa da ƙauyensu, da irin dabbar, da yawan waɗanda suka kamu, da ranar da abin ya soma. Wanda bai ƙware a rubutu ba tukuna sai ya tura saƙon murya ta WhatsApp, ya haɗa da hoto.

Ciwon saifa (anthrax), wata cutar dabbobi ce daban mai kama mutane, kuma yana bukatar ƙarin hattara. Saniya takan kwana lafiya a wayi gari ta faɗi, baƙin jini marar daskarewa yana fita ta hanci da dubura. Mun saba da cewa a yi maza a yanka kafin ta zama mushe, kuma ba wanda zai raina asarar saniya, amma fiɗar irin wannan dabba ita ce ke kai cutar hannun mahauci da tukunyar gida. A ɗauki hoton daga nesa, a hana yara da karnuka kusantarta har ma'aikacin ya ba da umarni.

Ba kowane saƙo ne abin dogaro ba, domin akan tura magungunan da ba a san tushensu ba. Kafin ka tura wa wani, tambayi ma'aikacin kiwo.

Aikin wannan mako: kowane ɗalibi ya rubuta lambar ma'aikacin kiwo na yankinsu a littafinsa, sannan ya adana ta a salularsa.