Yadda nake koya wa yara gyaran kankaren tankin ruwan ƙazanta a Legas

Duk yaron da aka kawo mini daga Agege ko Idi-Araba don ya koyi wannan aiki, ba na miƙa masa burushi da fari. Guduma nake ba shi da na'urar auna iska. Yawancinsu birkiloli ne, hannunsu ya faɗa a filasta, suna ɗauka aikin bai wuce a shafe bango a bi shi da fenti ba. Daga nan kwangila take lalacewa.

Fara sanin abin da ke cin kankaren. Idan ruwan ƙazanta ya kwanta inda iska ba ta ratsawa, bakteriyar da ke ciki tana fitar da iskar H2S, mai warin baragurbi. Iskar ta taso ta sauka kan jiƙaƙƙen bangon da ke saman ruwa, wata bakteriyar ta mayar da ita asid. Sabon kankare awonsa na pH (ma'aunin asid, wanda lambarsa ke raguwa in asid ya ƙaru) 12 ne zuwa 13, amma bangon da asid ya kama yana iya gangarowa 2. Siminti ya koma wani farin abu mai laushi, dangin abin da ake yin POP da shi, har kana iya kankaro shi da cokalin gini. Shi ya sa in an kwashe tanki za ka ga inda ruwa ya rufe lafiya lau, amma rufi da saman bango sun ruɓe, rodi a waje. Haka yake a sokawen gida, haka yake a manyan matatu irin na Abesan da Oke-Afa.

Iskar nan tana kisa, kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka ƙasan rami take taruwa. In ta kai kusan 100 ppm, wato kashi 100 cikin miliyan na iskar wurin, sai ta kashe jin wari. Yaro ya ɗago ya ce, "Oga, ai warin ya tafi," alhali lokacin ne ta fi yawa. Kafin kowa ya sauka, a zura na'urar da igiya, a auna sama da tsakiya da ƙasa. Iskar oksijin in ta gaza kashi 19.5 cikin 100, ba shiga. Fanka na hura iska ciki, janareta can nesa da bakin rami, mai shiga da ɗamarar igiya, mutum ɗaya a sama wanda ba shi da wani aiki sai kallonsa. Na sama ba ya shiga ceto ko da ƙaninsa ne ya faɗi; igiya zai ja, ya yi kururuwa. Wannan na fi nanata wa yaranmu, don zuciya ke kai mutum na biyu rami.

Koyo kuwa a waje ake yinsa, a kan tsohon silab da na jingine. Ƙwanƙwasa shi da guduma: inda ya yi ƙara tsaf mai kyau ne, inda ya amsa kamar ganga ya rabu daga ciki, zagaye shi da alli. Yanke gefen wurin da giranda ya zama yana da baki, kada ka bar shi ya siranta, gyaran zai ɓare daga nan. Fasa har bayan rodi, yadda yatsunka za su zagaye shi, ka goge tsatsa sai ƙarfe ya nuna. Sannan a wanke bangon gaba ɗaya da injin fesa ruwa mai ƙarfi har tsakuwa ta fara leƙowa. Fesa ruwan gwaji na fenolftalin: inda ya koma ruwan hoda ka iso lafiyayyen kankare, inda bai canza ba ci gaba da kankara.

A Lekki da Ajah ruwan ƙasa yana kusa, tanki na zaune a cikinsa, yana tsattsafowa ta tsaga. Tsayar da shi tukuna da simintin toshe yoyo mai kamawa nan take, ko a yi wa tsagar allurar kumfa. Fenti ba ya riƙe ruwan da ke turo shi ta baya.

Wajen cike gurbi, jiƙa kankaren ya ƙoshi amma kada ruwa ya kwanta a fuskarsa. Ni ban yarda da kwaɓin yashin da aka haƙo daga lagun ba, gishirinsa yana tayar da tsatsa. Sayi simintin gyara na buhu da aka riga aka haɗa, ka auna ruwansa da gwangwani, ba da ido ba.

Efoksi, wato fentin kariya da ake shafa wa bangon bayan gyara, shi ne inda Legas take gwada haƙurin mutum. Manna leda mai faɗin santimita 45 a bango da salatif, ka bar ta awa 16; in ka ɗaga ka ga gumi, bango bai bushe ba. Danshin iska kada ya wuce kashi 85, zafin bango kuma ya ɗara ma'aunin saukar raɓa (awon zafin da raɓa ke fara sauka) da digiri 3 na Celsius. Da damina sai ka yini kana jira. Efoksi gwangwani biyu yake zuwa, haɗa su duka yadda kamfani ya auno su, kada ka raba da ƙiyasi, kuma ka sani zafin nan namu yana sa shi daskarewa a bokiti da wuri. Lokacin shafawa shi ne yamma, sa'ad da kankare ya fara hucewa. Da hantsi yana ɗumama, iskar da ke cikinsa tana fitowa ta huda fentin ƙanana-ƙanana. Yara ba sa son wannan, kowa na so ya tsallake gadar Third Mainland kafin cunkoso, amma ta hudar da ba ta kai bakin allura ba asid yake shiga ya ci bayan fenti.

In fentin ya bushe, bi bangon da na'urar tartsatsi, mai gano huda da lantarki. Duk inda ta yi ƙara akwai huda: yi alama, goge, sake shafawa. Mai wuri zai matsa a saki ruwa gobe. Nuna masa kwanakin jira da takardar kamfanin fentin ta rubuta, ka sa ya sa hannu a kai kafin ka naɗe kayanka.