Yadda zaka kalli kayan tarihin mutanen da har ka gane abun da kake gani

Yawancin mutane in sun shiga gidan adana kayan tarihi ko suka ci karo da hotunan kayan a intanet, kallo ɗaya suke yi su ce kai wannan ya yi kyau su wuce, alhali kowane abu a cikin gilashin nan akwai bayani a jikinsa in ka san ta inda zaka fara. Toh shawarata ta farko ita ce kar ka ce sai ka ga komai a rana ɗaya, zaɓi abu uku ko huɗu ka tsaya a kansu sosai, kuma kafin ka karanta ɗan rubutun da aka manna a gefe fara kallon abun da idonka tukunna.

Fara da tambayar da me aka yi shi. Yumɓu ne, dutse ne, tagulla ce, zinariya ce? Daga nan sai ka tambaya shin ana samun wannan abun a wurin ko kawo shi aka yi. Manyan kawunan dutse na mutanen Olmec a Meziko, guda 17 aka sani zuwa yanzu, dutsen da aka sassaƙa su daga tsaunukan Tuxtla aka jawo shi tafiyar kilomita masu yawa, babu mota babu dabbar ɗaukar kaya, kaga wannan kaɗai ya gaya maka akwai sarauta mai ƙarfin da zata tara ɗimbin mutane su yi aiki. Haka shuɗin dutsen nan lapis lazuli da yake zagaye da idanu a fuskar zinariyar fir'auna Tutankhamun, wanda Howard Carter ya gano kabarinsa a 1922, ma'adininsa a Afganistan yake, wato fatauci ya haɗa Masar da can tun fiye da shekara 3,000 da suka wuce.

Sai ka nemi sawun hannun mai aikin, nan ne ni na fi son tsayawa gaskiya. Dubi kawunan Nok ta jihar Kaduna na gasasshen yumɓu, waɗanda aka fara cin karo da su wajen haƙar kuza a 1928, zaka ga idon kamar kusurwa uku da huda a ƙwayar idon, haka hanci da baki. Hudar nan ba ado ce kawai ba, cikin kan fanko ne, in ana gasawa iska da tururi su samu hanyar fita kada ya fashe. Kawunan Ife da kayan Igbo-Ukwu na ƙarfe kuma zubi ne, a fara siffanta abun da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a narkar da kakin ya tsiyaye sannan a zuba narkakken ƙarfe ya maye gurbinsa, dole kuma a fasa yumɓun kafin a fito da shi shi yasa ba zaka samu biyu iri ɗaya sak ba.

Ka riƙa tuna cewa abun da kake gani yau ba haka masu shi suka gan shi ba. Fararen mutum-mutumin Girka da fenti suke a da, ja da shuɗi da sauransu, shekaru ne suka wanke shi, kuma da yawa daga cikinsu ma kwafi ne da Rumawa suka yi da dutse daga na asali na tagulla da aka narkar. Sojojin yumɓu na sarkin Sin Qin Shi Huang, waɗanda manoma suka gano suna haƙa rijiya kusa da Xi'an a 1974, kimanin guda 8,000 ne kuma duk da launi aka binne su, iska na taɓa su bayan an tono fentin ya fara ɓarewa.

Yanzu karanta rubutun gefen, amma ba shekarun zaka fara dubawa ba, duba inda aka samo shi. Wallahi wannan ya fi komai muhimmanci. Abun da masu bincike suka tono a hankali suka rubuta zurfinsa da abun da yake kusa da shi, ko kabari ne ko wurin bauta ko juji, shi ne yake iya ba da labari, wanda ɓarayi suka haƙe cikin dare suka sayar kuwa ya rasa rabin amfaninsa ko da bai karye ba, kuma abun takaici haka aka yi da kayan Nok masu yawan gaske. Wani lokacin wurin da aka samu abu ma wani tarihin ne daban, dutsen dokokin sarki Hammurabi na Babila ba a Babila aka same shi ba, a Susa ta ƙasar Iran aka tono shi a 1901 don mutanen Elam masu mulkin Susa sun kwashe shi ganimar yaƙi tun zamanin da, yanzu yana gidan tarihin Louvre a Faransa. In ka ga kayan masarautar Benin ta Najeriya a Turai duba ko an ambaci 1897, shekarar da sojojin Ingila suka kwashe su daga fada. In kuma wani yana tallan kayan tarihi, a tambaye shi takardar da ta nuna inda kayan yake kafin 1970, shekarar yarjejeniyar UNESCO kan safarar irin waɗannan kaya, in babu a bar shi.

Maganar shekaru kuwa kar ka ɗauka gwajin kabon 14 yana aiki a kan komai. Sai abun da ya taɓa rai, kamar gawayi ko ƙashi ko ƙwayar hatsi, kuma iyakarsa wajen shekara 50,000. Dutse ba ya gwaduwa da shi, gasasshen yumɓu kuma wani gwajin ake masa wanda yake nuna yaushe rabonsa da wuta. Shi yasa zaka ga an rubuta "kimanin" ko an ba da tazarar ɗaruruwan shekaru, gaskiyar aikin kenan.

Kar ka auna zanen mutanen da da hoton kyamara ka ce ba su iya zane ba. Mai zanen Masar da gangan yake juya fuska gefe ya bar ido da kafaɗu suna kallonka, don kowace gaɓa ta fito a siffarta mafi bayyana, in kuma ka ga fir'auna ya ninka kowa tsawo matsayi ake nuna maka. In akwai rubutu a jiki tambaya ko an iya karanta shi, na Masar ya buɗe ne a 1822 da Champollion ya yi aiki da dutsen Rosetta mai rubutu iri uku, amma na hatiman kwarin Indus na yankin Pakistan da Indiya har yau ba wanda ya karanta, don haka duk wanda ya kawo maka fassararsu a bidiyo hasashe yake yi.

In hali ya yi ɗauki biro da takarda ka zana abun ko da zanen bai yi kyau ba, minti goma kana zane zaka lura da tsaga da gyaran da aka yi daga baya da kitson kai da ba zaka taɓa gani a hoton waya ba. Ka rubuta lambar kayan da take jikin bayanin, manyan gidajen tarihi irin British Museum sun sa kundinsu a intanet kyauta, da lambar zaka nemo inda aka samo shi da hannun da ya bi kafin ya iso wurin.